Ludayin Nonon Jiya: Tarihin Ƙwayoyin Da Ke Sa Madara Barci

 Yau magana ce a kan abin da kowannenmu ke kewarsa idan ya daɗe bai je gida ba, wato kindirmo.

A azumin da ya wuce uwargida ta ce ta gaji da dama fura da madarar gwangwani, za ta haɗa kindirmonta da kanta da garin madara, har ma ta riƙa sayar wa maƙwabta. Ta dama, ta tafasa, ta sauke, ta zuba yogot ɗin kwali da aka sayo a shago a matsayin iri, ta rufe. Da safe madara na nan tsululu kamar yadda aka bar ta, zuwa la'asar kuma ta fara wani wari da ba na nono ba. Sau uku ana haka, kuma kowa ya san kuɗin garin madara a yanzu. A na huɗun ne wata Bafulatana da ke kawo nono daga rugagen wajen Iseyin ta ji labari, ta yi dariya, ta ɗebo ludayi guda daga ƙwaryarta ta ce, "Hajiya, zuba wannan, na jiya ne. Amma ki bari madarar ta huce har ɗan yatsanki ya iya jurewa, ki rufe, kada ki motsa ta." Kafin asuba madara ta yi barci, ka kifa cokali ya tsaya. Yarona na sakandare ya dube ni ya ce, "Baba, to me ke cikin ludayin nan da babu a cikin kwalin?" Wannan tambaya ce ta sa ni bin diddigi, kuma amsarta ta kai ni ƙasashen da ban zata ba.

Abin da ke cikin ludayin rayayyun halittu ne, ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani. Mun saba da jin sunan bakteriya a bakin likita idan ana maganar taifod ko kwalara, shi ya sa mutum kan ɗan yamutsa fuska in aka ce masa a cokali guda na kindirmo akwai miliyoyinsu. To amma dangi ne masu yawan gaske, kuma masu sa cuta kaɗan ne a cikinsu. Waɗannan na nono sana'arsu guda ce: a cikin madarar saniya akwai wani sukari da ake kira laktos, kusan kashi 5 cikin 100, su kuma shi suke ci su fitar da sinadarin tsami. Tsamin nan yana taruwa a hankali, har ya kai matsayin da furotin ɗin madara ba zai iya ci gaba da yawo a cikin ruwa ba, sai ya harhaɗe ya zama wata irin raga mai laushi da ke riƙe ruwa da maiƙo. Wannan ne muke cewa madara ta yi barci. Tsamin kuma shi ne mai gadi, don yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa iya yaɗuwa a cikinsa. Madarar da za ta lalace a wuni guda a ƙasa mai zafi sai ta ƙara kwanaki.

Shi kuwa yogot ɗin kwali da ke zaune wata da watanni a kan kanta babu firji, an sake dafa shi bayan ya yi tsami don kada ya lalace. Ɗanɗanon na nan, ma'aikatan sun mutu. Gawa muka riƙa zubawa a madara muna jiran ta yi aiki.

Mutane sun yi dubban shekaru suna kiwon waɗannan halittu ba tare da sun san da su ba. Masu binciken kayan tarihi sun gano maiƙon madara a jikin tsofaffin tukwane a arewa maso yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, na fiye da shekara 8,000 da suka wuce. A nahiyarmu ma, a shekarar 2012 an bayyana irin wannan shaida daga wani kogon dutse mai suna Takarkori a kudu maso yammacin Libiya: kimanin shekara 7,000 baya, lokacin Sahara na da ciyawa da tafkuna, akwai makiyaya da ke tatsar shanu suna zuba madara a tukunya. A wancan zamani akasarin manyan mutane cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara, don haka masana na kyautata zaton sarrafa ta suke yi kafin su sha. Ba sai an yi dogon tunani ba: ka ajiye madara a ƙwarya ko salka a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin da ke jikin mazubin da hantsar saniya da ciyawa za su faɗa mata. Wani lokaci ta ruɓe, wani lokaci ta yi daɗi. Hikimar ita ce ta wadda ta fara lura cewa idan aka ɗebi kaɗan daga mai daɗin aka zuba a sabuwar madara, gobe ma mai daɗi za a samu. Ba a san sunanta ba, kuma da wuya a ce mutum ɗaya ce a wuri ɗaya.

Kalmar yogot dai ta Turkawa ce. Tana cikin ƙamus ɗin da Mahmud al-Kashgari ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 1072 zuwa 1074, Diwan Lugat al-Turk, wanda ya shirya don Larabawa su koyi harshen mutanensa. Daga baya, a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, abincin ya zama na kowa tun daga Anatoliya har ƙasashen Balkan. Mutanen Bulgeriya suna kiran nasu da sunan da ke nufin madara mai tsami kawai.

Turawan yamma ba su damu da shan sa ba, amma su ne suka fara leƙa cikinsa. A 1780 wani mai haɗa magunguna a Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya ware sinadarin tsamin daga madarar da ta yi tsami. Sai dai an ci gaba da ɗauka cewa tsami wata irin ruɓa ce da ke faruwa da kanta, kuma manyan masana sinadarai irin su Liebig na Jamus a kan haka suka tsaya. Louis Pasteur ne, yana koyarwa a garin Lille na Faransa, ya fitar da takarda a 1857 ya ce a'a, wata ƙaramar halitta ce mai rai ke yin aikin, tana ci tana hayayyafa. Bayan shekara ashirin likitan tiyatar nan na Birtaniya, Joseph Lister, ya yi ta tsarma madara mai tsami da ruwa har ya kai ga ɗigon da ke ɗauke da ƙwaya iri ɗaya tak, ya zuba a dafaffiyar madara, ta yi tsami. Ya wallafa wannan a 1878. Abin da ya dame shi a zahiri shi ne yadda ciwo ke ruɓewa bayan tiyata, madara misali ce kawai ya ɗauka, amma a nan ne aka fara ware bakteriya iri guda ita kaɗai a tarihi.

Yanzu ga wanda ya fi burge ni a labarin. Stamen Grigorov ɗan wani ƙauye ne a yammacin Bulgeriya, Studen Izvor, an haife shi a 1878, ya tafi karatun likita a Jeniba ta ƙasar Suwizalan. A ɗakin binciken malaminsa Léon Massol ya sa nonon garinsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a 1905, yana ɗan shekara 27, ya bayyana ƙwayoyin da ya gani, ciki har da wata doguwa mai kama da sanda. Ita ce aka sa wa sunan ƙasarsa, har yau ana kiran ta Lactobacillus bulgaricus a taƙaice. Duk wanda ya taɓa sa direban tirela ya taho masa da kuka ko daddawa daga gida ya san abin da ke sa ɗalibi a baƙuwar ƙasa ya ajiye nonon garinsu kusa da shi. Ƙauyen nasu yau akwai ɗan gidan tarihin yogot a cikinsa.

Abokiyar aikinta kuwa ƙanana ce masu zagaye, jere kamar carbi. Wani masani ɗan Danmak, Orla-Jensen, ya sa mata suna Streptococcus thermophilus a 1919, ma'ana mai son zafi. Zamansu zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan aka zuba iri, mai carbin ce ke fara tashi. Tana cinye iskar da ke cikin madarar, tana fitar da wasu sinadarai da mai sandar ke buƙata kafin ta iya hayayyafa. Ita kuma mai sandar tana da abin da za ta daddatsa furotin ɗin madara ƙanana-ƙanana, abincin da mai carbin ba ta iya samar wa kanta isasshe. Da tsami ya ƙaru sai mai carbin ta ja baya, mai sandar da ta fi jure tsami ta ƙarasa aikin, kuma ita ce ke bayar da mafi yawan ƙamshin nan da ke bambanta yogot da madarar da ta tsinke kawai. Kowacce ita kaɗai za ta iya sa madara tsami, amma a hankali kuma babu armashi. Tare, a zafin digiri 42 zuwa 45 na ma'aunin Salshiyos, awa huɗu zuwa shida sun gama. Wannan zafin shi ne Bafulatana ta auna da ɗan yatsa. In ya wuce haka sosai ƙwayoyin su mutu, in ya yi sanyi su yi nawa har wasu baƙin ƙwayoyi su riga su. Tafasa madarar da farko kuma aiki biyu take yi: tana kashe masu cuta da masu gasa, tana kuma sauya furotin yadda kindirmon zai yi kauri ba ya tsatsafo da ruwa ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da yogot bai wuce abincin makiyayan Balkan ba. Wanda ya fitar da shi duniya wani Barashe ne mazaunin Faris, Élie Metchnikoff, na Cibiyar Pasteur, wanda ya sami kyautar Nobel a 1908 saboda bincikensa kan yadda jiki ke kare kansa. Tsufa ne ya tsaya masa a rai. Ya yi imanin cewa wasu ƙwayoyi a babban hanji suna ruɓar da abinci suna sakin guba a jini, kuma wannan guba ce ke tsofar da mutum. Ya ji labarin yawan masu shekara ɗari a ƙauyukan Bulgeriya, ga kuma binciken Grigorov, sai ya haɗa biyu da biyu: tsamin da ke hana madara ruɓa zai hana hanji ruɓa. Ya yi lacca a Faris a 1904, ya fitar da littafi a 1907, jaridu suka ɗauka suka ƙara gishiri. Nan da nan kantunan magani a Turai da Amurka suka cika da ƙwayoyi da garin irin nono. Shi kansa kullum sai ya sha madara mai tsami. Ya rasu a 1916 yana da shekara 71, da ciwon zuciya.

Ni dai a ganina malamin ya yi gaggawa. Ƙidayar masu shekara ɗari a ƙauyen da ba a rubuta ranar haihuwa abu ne da mu Hausawa muka san yadda yake: kowane tsoho mai furfura ya ga zuwan Turawa. Sannan a 1921 Leo Rettger da abokin aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa ƙwayar Bulgeriyan ba ta kafa gida a hanjin mutum, wucewa take yi. Wannan ya sa wasu suka koma neman ƙwayoyin da ke jure ciki, kamar Minoru Shirota na Japan, wanda abin shansa Yakult ya shiga kasuwa a 1935. Amma kuskuren Metchnikoff ya riga ya buɗe kasuwa, kuma tunaninsa cewa ƙwayoyin hanji na da hannu a lafiyar mutum ya dawo da ƙarfi a zamaninmu, ko da yake ba ta hanyar da ya zata ba.

Waɗanda suka ci kasuwar kuwa kusan duk baƙi ne a inda suke. Isaac Carasso Bayahude ne daga Salonika, birnin da ke hannun Daular Usmaniyya a lokacin haihuwarsa, yanzu kuma yana Girka. Ya yi ƙaura zuwa Basalona ta Sifaniya, ya ga yara na fama da ciwon ciki, ya tuna da abincin garinsu, a 1919 ya fara haɗa yogot da iri daga Cibiyar Pasteur yana kai wa kantunan magani a 'yan tukwane. Ya sa wa sana'ar sunan lelen ɗansa Daniel, wato Danone. Daniel ya buɗe reshe a Faris a 1929, Yaƙin Duniya na Biyu ya kore shi zuwa Amurka, can ma ya sake kafawa. Amurkawa suka ce abin ya yi musu tsami, sai a 1947 aka fara zuba musu 'ya'yan itace mai zaƙi a ƙasan kofin, daga nan ne yogot ya tashi daga magani ya koma kayan marmari. (Daniel ɗin ya rasu a 2009 yana da shekara 103, da Metchnikoff na raye da ya ce kun gani.) A jihar Massachusetts kuma wasu iyalin Armeniyawa, Colombosian, tun 1929 suke haɗawa a gida suna sayar wa 'yan'uwansu baƙi masu kewar gida, kamar dai yadda matanmu ke yi a Sabo.

Zaren ya zagayo har nan Badun. Kamfanin Fan Milk, wanda wani ɗan kasuwar Danmak, Erik Emborg, ya kafa a farkon shekarun 1960, da garin madarar waje ya fara aiki, don Kurmi ba ƙasar tatsa ba ce, ƙudan tsando da sammore sun daɗe suna hana shanun Arewa zama a nan. Danone ta sayi kashi 49 cikin 100 na kamfanin a 2013, ta mallake shi gaba ɗaya a 2019.

Akwai wani bincike da aka yi a ƙasar nan da ya bayyana mini abin da na daɗe ina gani. A 1971 Norman Kretchmer na Amurka da Olikoye Ransome-Kuti, yayan Fela, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, da abokan aikinsu suka auna yadda ƙabilun Nijeriya ke narkar da laktos. Manyan Yarbawa da Ibo kusan duka ba sa narkar da shi, Fulani makiyaya akasarinsu suna narkarwa, mutanen biranen Arewa kuma suka faɗo tsakani. Ke nan da yawa daga cikinmu ɗanyar madara na kumbura mana ciki, amma mu sha fura da nono lafiya lau. Dalili shi ne ƙwayoyin sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, sannan suna shiga ciki ɗauke da abin da ke narkar da sauran. Wannan fa'ida ce tabbatacciya, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince da ita a 2010, da sharaɗin ƙwayoyin na raye kuma da yawa. Tun 2003 ma ƙa'idar abinci ta duniya ta ce abin da za a kira yogot sai an yi shi da ƙwayoyin nan biyu, kuma a sami aƙalla miliyan 10 a kowane giram, in kuwa an sake dafa shi to a rubuta a jiki. Maganar tsawon rai da wanke ciki da sauran abin da masu talla ke faɗa, a saurare su da kunne ɗaya.

Kindirmonmu ba daidai yake da yogot ɗin kamfani ba. Na kamfani ma'aikata biyu ne zaɓaɓɓu, ana sayo su a busasshen gari daga ɗakin bincike, kullum ɗanɗano ɗaya. Na ƙwarya kuwa taron kasuwa ne: akwai dangin waɗannan biyun, akwai wasu masu son ɗumi kaɗan da ke aiki cikin dare, har da yis. Shi ya sa nonon wannan ruga ya bambanta da na waccan, na damina ya bambanta da na hunturu. Shi ya sa kuma tsafta ke da muhimmanci, don tsami ba ya kashe komai da komai. Tarin fuka na shanu da cutar da ke sa su ɓari suna iya bin madarar da ba a tafasa ba, ruwan da ake ƙara wa nono a kasuwa kuma ba kullum aka san rijiyarsa ba. Wara da muke saye a nan, a gefe guda, ba aikin bakteriya ba ne sam, ruwan tumfafiya ne ke daskarar da madarar, shi ya sa ba ta da tsami kuma ba ta kwana biyu sai an soya.

Da aka karanta kundin halittar ƙwayoyin nan biyu, a 2004 da 2006, sai aka ga abin mamaki. Sun daɗe a cikin madara har sun zubar da kayan aiki masu yawa da kakanninsu ke amfani da su a waje. Mai sandar ana jin daga jikin tsirrai ta fito, amma ta manta yadda ake cin yawancin sukarin tsirrai. Mai carbin danginta ne masu sa ciwon maƙogwaro da namoniya, amma ta rasa makaman cutarwa. Sun zama dabbobin gida kamar tunkiya, rayuwarsu ta rataya a kan wani ya ɗebe su daga ƙwaryar jiya ya kai ta yau. Su ma kuma suna da nasu maƙiyan, wasu ƙwayoyin bairos da ke afka musu a masana'anta su lalata tankin madara guda. A wajen neman maganin wannan asara ne masu bincike na kamfanin Danisco suka nuna a 2007 cewa mai carbin tana ajiye guntun hoton maƙiyinta, in ya dawo ta gane shi ta datse shi. Wannan tsari, CRISPR, shi aka sarrafa ya zama almakashin gyaran ƙwayoyin gado, ya jawo wa mata biyu kyautar Nobel a 2020, kuma a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da aka gina a kansa. Kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum guda, don haka ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, wato tamu, sai dai ta ji labari tukuna.

Uwargida yanzu tana da 'yar kwalba da take ajiye iri a ciki, kullum kafin ta taɓa sabon kindirmo sai ta fara ɗebe na gobe da busasshen cokali. Matan layinmu uku sun karɓa a wurinta. Matsalar wuta ce, in firji ya kwana biyu babu sanyi irin kan yi tsami fiye da kima, mai sandar ta danne mai carbin, kindirmo ya fito da ɗaci-ɗaci yana tsatsafar ruwa. In hakan ta faru sai a zubar a jira ranar da Bafulatana za ta shigo gari. Yaron kuma ya ce zai tambayi malaminsu ko makarantar na da madubin da zai nuna masa sandunan da carbin.